BAƘUWAR DA TA ZAMA 'YAR GARI: TARIHIN GASASSHIYAR MASARA DA MAN SHANU A ƘASAR GETSO

Gabatarwa

Duk ɗan Getso da aikin gwamnati ko fatauci ko neman ilimi ya kai shi birni, akwai wani ƙamshi da yakan tsayar da shi a bakin titi idan marka ta kankama. Ko a Kano yake, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas, da zarar hayaƙin gawayi ya haɗu da ƙamshin ɗanyar masara a kan waya, sai zuciya ta yi gida. Mutum ya tuna bayan gidan kakarsa, da garwashin da ya rage a murhu bayan an sauke tuwo, da yadda yara kan yi da'ira kowa idonsa a kan tasa kada ta ƙone.

A 'yan shekarun nan, har manyan gidajen cin abinci na birane sun shiga wannan sana'a. Sukan gasa masara su shafe ta da bota wadda aka cuɗa da tafarnuwa da barkono da ganyayen ƙamshi, su raɗa mata suna da Turanci, su sa mata kuɗin da zai sayi kwanon hatsi a kasuwar Getso. 'Ya'yanmu da aka haifa a birni suna ɗauka wani sabon abu ne da ya zo daga ƙasashen waje. Wannan ne ya sa na ga ya dace a wannan fitowa ta mujallarmu mu waiwayi tarihin wannan tsiro: daga ina ya zo, yaya ya zauna da kakanninmu, me ya haɗa shi da man shanu, kuma yaya aka yi ya mamaye gonakinmu a cikin shekaru hamsin kacal.

Asalin masara da ma'anar sunanta

Masara ba 'yar asalin Afirka ba ce. Masana sun tabbatar da cewa a kudancin ƙasar Meziko aka fara nomanta, kimanin shekaru 9,000 da suka wuce, inda manoman wancan yanki suka yi ta zaɓen iri daga wata ciyawa mai 'yan ƙwayoyi ƙalilan har ta zama mai goyo kamar yadda muka san ta a yau. Mutanen Turai da Asiya da Afirka ba su san ta ba sai bayan da Kolumbus ya isa nahiyar Amurka a shekarar 1492, ya koma da irinta ƙasar Sifen.

Daga nan ta biyo hanyoyi biyu zuwa Afirka ta Yamma. Hanya ta farko ta teku ce, inda jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar tekun Atlantika a ƙarni na 16. Hanya ta biyu kuwa ta tudu ce: daga ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ta shiga Masar, daga can kuma ayarin fatake da mahajjata suka gangaro da ita ta hamada da ƙasar Barno. Babbar shaidar wannan hanya ta biyu tana bakinmu kullum, wato sunan kansa. Kalmar masara daga Masar take, kuma mutanen da sukan ce mata dawar Masar. Barebari ma da sunan Masar suke kiranta. Masanin tarihin nan ɗan Amurka, James McCann, a littafinsa na tarihin masara a Afirka wanda ya fito a shekarar 2005, ya yi amfani da irin waɗannan sunaye wajen bin sawun tafiyarta.

Abin sha'awa shi ne kusan kowace al'umma ta ɗora ta a kan maƙwabciyarta. Turkawa da sunan Masar suke kiranta kamar mu, su kuwa Misirawa suna ce mata dawar Sham. Italiyawa suna ce mata hatsin Turkiyya, masu harshen Swahili kuma suna danganta ta da Hindu. Ke nan duk inda ta sauka baƙuwa aka ɗauke ta, kowa ya kira ta da sunan ƙofar da ta shigo masa.

Zaman bayan gida

Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Da masara ta iso ƙasar Kano ta tarar da 'yan gari masu dogon tarihi, wato gero da dawa da maiwa. Su ne abincin gandu, su ne cikin rumbu, da damminsu ake fitar da zakka, da su ake auna arzikin magidanci. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851, ya yaba albarkar ƙasar ƙwarai, kuma gero da dawa su ne ginshiƙin abincin jama'ar da ya tarar. Masara ba ta samu shiga babbar gona ba, domin tana da sharuɗɗa biyu masu wuya: tana son ƙasa mai ƙarfi, kuma ba ta jure tsayawar ruwa kamar yadda gero yake jurewa.

Saboda haka aka ba ta masauki a bayan gida, da kangaye, da gefen turken dabbobi, da filayen da ke cikin ganuwa, wuraren da toka da shara da kashin awaki suka daɗe suna taruwa. Kunya goma ko ashirin sun ishi gida guda. Tare da ita ake shuka kuɓewa da kabewa da yakuwa, don haka a idon mutanen da ta fi kusa da kayan lambu a kan hatsi. Ba a jira ta bushe a kai rumbu. Ɗanya ake karyo ta a gasa ko a dafa.

Sai dai wannan ƙaramin matsayi yana da babban amfani. Duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa babu lokacin da ya kai tsakiyar damina tsanani. Rumbu ya yi ƙasa, hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba, ga aikin noma yana neman ƙarfi. Masarar bayan gida, da yake da ruwan farko ake shuka ta, takan kai gashi cikin kwana saba'in zuwa tamanin, daidai lokacin da ake bukatar abin da za a riƙe ciki. Da ma Hausawa suna da al'adar gasa sabon gero, wato tumu, don haka hannu bai yi baƙunta da gasa masara ba. Ita da tumu da sabuwar gyaɗa da rogo su ne gadar da ake bi a tsallaka daga yunwar marka zuwa yalwar kaka. A ƙasar da ta sha fama da munanan shekaru irin yunwar 1914 da ta 1927, ba a raina abin da ke nuna da wuri.

Yadda ake gasa ta ma ilimi ne. Ana duba gemunta, idan ya bushe ya yi duhu sai a ɗan buɗe ɓawon a danna ƙwaya da farce. In ta fitar da farin ruwa kamar madara, to ta kai. Ba a ɗora ta a kan harshen wuta, sai garwashi ya kwanta, ana fifitawa ana juyawa har ta yi ja ko'ina. Kuma ba a ajiye ta. Da zarar an karyo ta daga jikin kara, zaƙin da ke cikin ƙwayar yakan fara komawa gari. Wannan shi ne dalilin da ya sa masarar da muke saye a birni, wadda ta kwana biyu a cikin buhu a bayan mota, ba ta taɓa kamo ɗanɗanon wadda muka ci muna yara. Ba ƙuruciya kaɗai ke ruɗinmu ba, da gaske waccan ta fi zaƙi.

Saniya: uwar taki, uwar mai

To, ina man shanu ya shigo cikin wannan labari? Amsar tana wajen saniya. Tun zamanin da, akwai wata yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi a wannan yanki namu, wadda ba a rubuta a takarda ba amma kowa ya san ta. Idan kaka ta yi aka kwashe amfanin gona, Fulani sukan sauka da shanunsu a gonaki, shanu su ci kara da ragowar harawa, su bar wa gona taki. Mai gona yakan ba da dammin dawa ko gero don a daɗe a gonarsa. Takin turke kuma a loda a mangala, jaki ya kai inda ake bukata. Da irin wannan taki masara ta rayu a ƙasarmu shekaru aru-aru kafin a san wani abu wai shi takin zamani.

Ita dai wannan saniya ita ke ba da madarar da matan Fulani ke sarrafawa. A tatsa, a bar ta ta kwana ta zama kindirmo, a kaɗa har mai ya taso, a cure shi a jefa cikin ƙwaryar nono a nufi gari ko kasuwa. Uwargida idan ta saya sai ta soya shi da albasa har ruwan jikinsa ya ƙone, ƙamshi ya cika gida, a juye a kwalba ya yi watanni bai lalace ba. Wannan soyayyen man shanu shi ne namu man mai ƙamshi, kuma iyayenmu sun san shi tun kafin a buɗe gidan cin abinci na farko a birni.

Gaskiya ne cewa man shanu abu ne mai daraja, tuwo da dambu da shinkafar baƙi aka fi tanadar wa. Yawancin yara haka nan suke cin masararsu, ko su haɗa da gyaɗa. Amma na tashi na ga kakata, idan jika ya yi abin kirki ko yana murmurewa daga zazzaɓi, takan lakato man a shafa wa masarar tun tana da zafi, ta barbaɗa yajin ƙuli da ɗan gishiri. Wanda aka yi wa wannan gata sai ya lashe totuwar kafin ya jefar.

Idan mai karatu ya dubi wannan totuwa guda da idon tarihi, zai ga duniya ce ta taru a kanta. Masarar daga Meziko take. Barkonon da ke cikin yajin da gyaɗar da aka yi ƙuli-ƙulin da ita, su ma daga nahiyar Amurka suka zo. Kanumfari asalinsa tsibiran Indunusiya ne. Gishirin da kakanninmu suka sani, ayarin raƙuman Azbinawa ne ke ɗauko shi daga Bilma. Man shanun kuwa daga rugar da ke bayan gari. A can Meziko ma har gobe ana gasa masara a bakin titi a shafa mata mai da barkono da lemun tsami. Ashe abin da 'ya'yanmu ke gani a birni tsohuwar al'ada ce ta gida aka sauya wa faranti.

Shekarun da komai ya juya

Haka masara ta zauna a bayan gida har zuwa shekarun 1970, lokacin da abubuwa da dama suka haɗu suka buɗe mata ƙofar gandu. Na farko, farin da aka yi a 1972 da 1973 ya girgiza manoma da makiyaya. Na biyu, a shekarar 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta yi wa noman gyaɗa mummunar ɓarna a Arewa, har dalar gyaɗar Kano ta zama labari. Manomin da ya saba samun kuɗin haraji da na biki daga gyaɗa ya shiga neman abin da zai maye gurbinta.

Na uku, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan, wato IITA, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da wani irin farar masara mai suna TZB, mai yawan yabanya idan ta samu taki. Na huɗu, a 1975 aka fara manyan ayyukan raya karkara guda uku da tallafin Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe. Aikin Funtuwa ya haɗa har da ƙasar Malumfashi, maƙwabtanmu na yamma waɗanda hanyar Gwarzo zuwa Dayi ta haɗa mu da su. An yi hanyoyin karkara, an buɗe wuraren sayar da iri da taki, an baza malaman gona. Ga kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati tana biyan kaso mafi tsoka na kuɗin takin zamani, musamman daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 zuwa shirin juyin noma na gwamnatin Shehu Shagari a 1980. A farkon shekarun 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar KNARDA da kamfanin KASCO domin su yi irin wannan aiki a faɗin jihar.

Gani ya kori ji. Manomin da ya ga abin da kadada guda ta masara ta bayar bayan an zuba mata kamfa da yuriya, bai bukaci dogon wa'azi ba. Injin niƙa da ya yaɗu a ƙauyuka ya kawar da wahalar dakan ƙwayarta mai tauri, tuwon masara ya shiga gidajen da a da ba su san shi ba. Hana shigo da masara daga waje a 1985, da bunƙasar gidajen kiwon kaji, sun ƙara mata kasuwa. Daga 1992 shirin Sasakawa ya shigo Kano da Kaduna yana koya wa manoma tazarar shuka da yadda ake binne taki. Ita kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tarihinta ya faro tun 1922, ta yi ta fitar da ire-iren da ake kira SAMMAZ, cikinsu har da masu nuna da wuri da masu jure fari. A shekarun 1970 abin da Nijeriya ke nomawa a shekara bai kai tan miliyan ɗaya da rabi ba. A 'yan shekarun nan ya haura tan miliyan 10.

Madatsun ruwa ma sun taka rawa. Albarkacin madatsar Challawa ta ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, da irin su Guzu-Guzu a ƙasar Kabo da Watari a Ɓagwai, ana samun ɗanyar masara har da rani. Abin da a da yake alamar marka ya zama abin kowane wata.

Kowane alheri da nasa nauyi

Babu mai musun cewa masara ta yi wa yankinmu rana. Da kuɗinta aka yi rufin kwano, aka sayi babura, aka aurar da 'ya'ya, aka biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makarantar da ta kai mu inda muke a yau. Amma baƙuwar ba ta sauya halinta ba don ta zama 'yar gari. Har yanzu ƙasa mai ƙarfi take so. Bambancin kawai shi ne a da saniya ce ke ciyar da ita, yanzu kuwa buhu ne, kuma farashin buhu ba a Getso ake yanke shi ba.

Manoma sun ɗanɗana wannan a 1997 da gwamnati ta janye tallafin taki. Sun sake ɗanɗanawa a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashinsa a duniya, da kuma 2023 da aka cire tallafin man fetur. A 2025 farashin hatsi ya faɗi a kasuwanni alhali taki bai sauko ba, manoma da dama suka kasa mayar da abin da suka kashe. Ga ƙuduji da ke addabar gonar da ta gaji, ga kuma tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016, ita ma daga nahiyar Amurka ta biyo tsohuwar abokiyarta.

A ɗaya ɓangaren, gonaki sun cinye makiyaya da burtali da yawa, kara da harawa sun zama kayan sayarwa, tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi ta yi rauni. Inda shanu suka rage, taki ya rage, man shanu na ainihi ya yi tsada har ana cakuɗa shi da wasu mayuka. Gero da maiwa da ƙaura, waɗanda ke tsayawa da mu ran da ruwa ya yi gardama, sun ja baya a gonaki masu yawa. Idan aka yi shekara irin ta 1973 alhali rumbunanmu sun dogara ga tsiro guda mai son ruwa da taki, wane hali za a shiga? Wannan tambaya ce da ta shafi na gida da na birni baki ɗaya, domin buhun da ake aiko mana da kaka daga waɗannan gonaki yake fitowa.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, tarihi ba don hira kawai ake karanta shi ba. Akwai abubuwan da ke hannunmu. Na ɗaya, wanda zai taimaka wa 'yan'uwansa da kuɗin iri da taki, ya aika tun da bazara kafin ruwa ya sauka, domin taimakon da ya zo bayan an yi maimai ya makara. Na biyu, mu ƙarfafa kiwo a gidajenmu na gado, ko da saniya biyu ce ko shanun huɗa, don takin gargajiya ya dawo ya dafa wa na zamani. Na uku, ƙungiyarmu ta haɗa kai da masu unguwanni da dagatai da arɗo-arɗo wajen kare abin da ya rage na burtali da mashaya. Na huɗu, a riƙa juya shuka, bana masara baɗi waken suya ko gyaɗa ko wake, domin hakan yana ƙara wa ƙasa ƙarfi yana kuma rage ƙuduji. Na biyar, a nemi tsofaffin ire-iren gero da dawa da jar masarar bayan gida a wajen dattawan da suka adana su, a rubuta sunayensu da halayensu tun masu sanin suna raye.

Daga ƙarshe, babban hutun makarantu yakan faɗo daidai da marka. Mu daure mu riƙa kai yaranmu gida a wannan lokaci. A bar yaro ya shiga cikin kara da kansa, ya duba gemu, ya danna ƙwaya da farce, ya karyo, ya zauna gaban garwashi yana juyawa, a lakato masa man shanun da aka soya da albasa. Daga nan sai a gaya masa inda masarar ta fito da saniyar da ta ciyar da ita. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa garinmu zaman lafiya da arziki, amin.